Ranar da Abla Bahiga Ta Ƙi Tashi Daga Gidan Mai Guga

Duk mai sayen dafaffen wake da safe a bakin tashar jirgin ƙasa ta garinmu ya san Abla Bahiga Shahata, ko da bai san aikinta ba. Ita ce gajeruwar matar nan mai baƙin mayafi da tabarau mai kauri, wadda ke cin wakenta da burodi a tsaye, yau ta yi wa mai waken faɗa cewa ya cika mai, gobe ta yi masa faɗa cewa ya yi rowarsa. In ta gama sai ta hau benen ofishin jin daɗin jama'a, ta tuɓe takalmin fita kunya, ta zura na roba da ke ƙarƙashin teburinta, ta sauko. Teburin nan bai san ta sosai ba. Aikinta a ƙafa yake, lungu-lungu, ƙauye-ƙauye, wani lokaci a bayan a-kori-kura tare da buhunan albasa.

Ga aikin. Idan yaro yana fama da ciwo mai tsanani, irin wanda ba ya tafiya da allura biyu, kamar ciwon ƙoda ko na zuciya ko na jini, akwai katin da gwamnati ke bayarwa. Katin yana ɗauke wa iyaye nauyin gado da magani, yana sauƙaƙa musu jirgi zuwa babban asibiti, ana kuma ba uwa ɗan abin riƙewa duk wata. Sai dai kafin ya fito akwai ƙofa biyu. Ta farko, kwamitin likitoci ya duba yaron ya tabbatar ciwon ya kai. Ta biyu, a je gidan a gani da ido cewa iyayen ba su da hali. Abla Bahiga ce mai zuwa gida. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗoriya, ni kuwa na san halin garin nan: za a ba ta agogon bango, a sha lemo, a watse, jibi a manta. Shagona na kayan ƙarfe yana bakin Lungun Masu Tukwane, na ga abin da na gani, kuma ba zan yi shiru ba.

Da laifinmu zan fara, wanda ya ji haushi ya ji. Mu mutanen kudancin Masar muna da wata cuta da babu kwamitin da ke duba ta: bakinmu ba ya iya cewa "ba ni da shi", ba ya iya cewa "ina jin ciwo". Uwa za ta saɓo ɗanta tun daga ƙauye, yaron ko kansa ba ya iya riƙewa, ta shiga gaban likitoci. Likita ya ce, "Yaya jikinsa?" Ta ce, "Alhamdu lillahi." Yana cin abinci? "Alhamdu lillahi, ya fi jiya." Yana tafiya? "In Allah ya yarda." Likita yana da layi har waje, ya rubuta abin da aka gaya masa. A fito kuma a ce gwamnati azzaluma ce.

Shi ya sa duk jajiberin zaman kwamiti za ka ga Abla Bahiga ta jera iyaye mata a bencin ofis kamar 'yan makaranta, ita ta zama likita, har da rataya igiyar caja a wuya.

"Ke, Ummu Sabir, yaya jikin yaron?"

"Alhamdu lillahi, ya Abla."

"Madalla. Sai me?"

"Sai... alhamdu lillahi."

"Kin faɗi. Wa ya hana ki godiya? Ki gode, amma kada ki taka birki a nan. Annabi Ayyuba ya fi ki haƙuri ko bai fi ki ba? To shi ma ya buɗe baki ya ce cuta ta shafe shi. Ke wace ce? Sake!"

Musulma da Kirista duk Ayyuba ɗaya take jawo musu, kuma duk yana aiki. Sai ta sa mace ta faɗi cewa yaron yana suma, ta faɗi cewa yana fitsarin kwance, abin da ko ƙanwarta ba ta gaya wa ba. Amma ba ta taɓa barin uwa ta ƙara kalma ɗaya a kan gaskiya ba. Wata ta taɓa tambayarta ko ta koya wa ɗanta ɗingishi don a tausaya. Abla Bahiga ta kore ta daga bencin, sannan ta bi ta har bakin titi ta dawo da ita, domin ƙodar yaron da gaske ta lalace, ɗingishin ne kawai ƙarya.

Ƙofa ta biyu ta fi ban dariya, ta kuma fi ban haushi. Ranar da aka ji ma'aikacin gwamnati zai shigo lungu, mai hali yana neman inda zai ɓoye firijinsa don a ce talaka ne, talaka kuma yana neman firijin aro don kada baƙo ya raina shi. Sai buƙatu su haɗu. Da hantsi za ka ga firiji yana tafe a kan kawunan ƙarti daga gidan mai kuɗi zuwa gidan matsiyaci, kowa yana yi wa kowa godiya. Akwai wata koriyar kujerar karammiski ta Ummu Girgis, matar kafinta, wadda ta zaga gidajen lungunmu fiye da ungozoma. Wannan bai taɓa damun Abla Bahiga ba. Takan shiga, ta ɗan bubbuga kujerar kamar ta gamu da tsohuwar ƙawa, ta sha shayinta, ta koma ta rubuta gaskiya, ba ta kunyata kowa ba.

Sai shekarar da aka kama masu maguɗi a wasu garuruwa, aka fito da sabuwar doka: dole sufeto ya zo daga babban birnin jiha ya shiga gida tare da ita, kuma abin da shi ya rubuta shi ne magana. Wanda aka ƙi, sai shekara ta zagayo kafin ya sake nema. A wannan shekarar ne aka yi maganar gidan Usta Zaglul.

Usta Zaglul mai guga ne, ƙato, mai gashin baki kamar tsintsiya. Gugar ƙafa yake yi irin ta iyaye da kakanni: ya gasa ƙaton dutsen guga a wuta, ya cika baki da ruwa ya fesa wa riga, ya ɗora ƙafa a kan dutsen yana tura shi. Ya daɗe yana goge rigunan manyan gari har ya ɗauka shi ma yana cikinsu. 'Yarsa Shahad, mai shekara bakwai a lokacin, an haife ta da ciwon jinin nan da ya yi yawa a wajenmu, wanda jiki ba ya iya yin jini mai kyau, sai an riƙa ƙara mata duk bayan 'yan makonni a babban asibitin Asyuɗ. Ƙarin jinin kuma yana tara wani sinadari a jiki, wanda sai an sha magani mai tsada a fitar da shi, in ba haka ba ya ci zuciya. Zaglul ya sayar da 'yan kunnen matarsa, ya sayar da akuya, ya sayar da keke. Aka kai ga wata a sha magani, wata a yi addu'a. Likita ya gaya wa uwar, Ni'imat, ido da ido, cewa zuciyar yarinyar ba za ta jira shekara a haka ba.

Da aka yi wa Zaglul maganar kati sai ya daki ƙirji. "Ni Zaglul ɗan Hiridi in shiga layi in ce a taimake ni? Ubana ya mutu bai taɓa roƙon ashana ba!"

Ni'imat ta bi ta bayan gida ta kai yarinyar kwamiti, likitoci suka sa hannu ba tare da gardama ba. Saura ziyarar gida. Abla Bahiga ta kama hannun Ni'imat ta ce, "Ki bar gidanki yadda Allah ya bar shi. Ko yanar gizo kada ki share." Ni'imat ta yi alkawari. Abin da ba a lissafa ba shi ne Zaglul zai ji cewa namiji ne zai zo, kuma daga birni. Wannan ai ba bincike ba ne a wurinsa. Baƙo ne.

Sufeton, Ustaz Mamduh, matashi ne mai tsabta da ladabi, mai rubuta abin da idonsa ya gani, kuma ban ga laifinsa ba, don haka aka ɗauke shi aiki. Da hantsi suka shiga gidan shi da Abla Bahiga. Tana ɗaga labule ta tsaya cak. Ga koriyar kujera. Ga talabijin ɗin wanzami. Ga firijin Hajj Dahshan mai hatsi ya cika rabin ɗaki. Ƙamshin soyayyun tantabaru yana tashi daga madafi, tantabarun ma na maƙwabci ne, kuma su ba za su koma ba. A tsakiyar wannan daula ga Usta Zaglul tsaye cikin farar jallabiya mai aiki a wuya. Ta dube ta sau biyu. Maɓallin sama da shuɗin zare aka ɗinke shi, kuma da hannunta ta ɗinke shi. Jallabiyar Juma'ar mijinta Bakhit ce, wadda ta kawo guga shekaranjiya.

"Kun haskaka gida, ya Beh, ranka ya daɗe! Gidan naku ne! Ni'imat, fito da yarinya ta gaida baƙo!"

Shahad ta fito cikin riga ruwan hoda mai tattara, dogon hannu har wuyan hannu, an goga mata jan-baki a kumatu don kada a ga yadda ta ɗashe.

"Yaya jikinki, 'yan mata?" in ji Ustaz Mamduh.

"Alhamdu lillahi, lafiyata lau. Baba ya ce in ce ina yin tsere."

Zaglul ya yi wata dariya mai ƙarfi da ba ta da daɗi. Ustaz Mamduh ya buɗe takardunsa, ya dubi firiji, ya rubuta. Ya dubi talabijin, ya rubuta.

Kalma ɗaya daga bakin Abla Bahiga ta isa ta rushe komai, kuma ta san haka. Ta kuma san Zaglul. In mace ta tona shi a gaban baƙo, zai rantse da igiyar aurensa cewa katin nan ba zai shiga gidansa ba, mutanenmu kuwa sun gwammace su binne ɗa da su karya irin wannan rantsuwa. Allah ya shirye mu. In ta yi shiru, sufeto ya tafi da abin da ya rubuta. Ta zauna a koriyar kujera tana juya abin, sai ta tuna wani abu guda game da kayan aro: ba a ba da su har abada. A lungunmu ana aron kayan baƙo ne zuwa azahar.

Ta tuɓe takalmin roba, ta miƙe ƙafa.

Aka ci tantabaru, aka sha shayi baƙi ƙirin. Ustaz Mamduh ya duba agogo, ya sunkuyo ya ce, "Abla, na ga abin da zan gani. Akwai sauran gida, ga jirgin yamma."

Ta ɗaga murya yadda maigida zai ji. "Haba ɗana! A gidan Usta Zaglul za ka tashi a kan kofi ɗaya? Me mutane za su ce? Su ce ya kori baƙo?"

Zaglul, wanda yake addu'a a zuci su tafi, ya ji bakinsa ya riga shi. "Wallahi ba za ku tashi ba! Ni'imat, ɗora wani shayin!"

Aka sha na biyu. Ta nemi ruwan alwala ta yi azahar a tsanake, har da nafila. Ta dawo ta fara ba su labarin aikin da aka yi mata a gwiwa, tun daga ranar da ta fara jin ciwon. Duk sanda sufeto ya motsa sai ta ce, "Usta, baƙonka fa yana neman guduwa," Zaglul kuma ya rantse yana gumi, gumin yana sauka a wuyan jallabiyar mijinta.

Wanzami ne ya fara leƙowa. Za a buga ƙwallo, shagonsa ya cika da mutane suna kallon bango.

"Usta, dama... talabijin ɗin nan..."

"Ɗauki, ɗauki! Mene ne talabijin tsakanin maƙwabta? Ka riƙe har sai ka gaji!" Ya juyo ga sufeto. "Bawan Allah ne, ya Beh, ba shi da shi. Mukan taimaka."

Ustaz Mamduh ya gyaɗa kai, ya ƙara rubutu. Abla Bahiga ta ce a ranta yanzu kuma an rubuta shi cikin masu kyauta. Ta nemi shayi na uku.

Bayan la'asar sai ga 'ya'yan Ummu Girgis su biyu, ƙarti. Masu neman auren yayarsu za su zo da yamma, uwarsu ta ce ko da wa ke zaune a kan kujerar su ɗauko ta.

"Aure ai dole a taimaka," in ji Zaglul, muryarsa ta fara siranta. "Ya Beh, ɗan koma kan akwatin nan, ya fi lafiya ga baya."

Aka fita da kujera. Abla Bahiga ta sauko kan tabarma da kofinta, ba ta ko katse labarin gwiwa ba. Sufeto, yana kan akwatin lemo, ya nemi ruwan sanyi. Ni'imat ta kawo masa na tulu.

"Na firijin fa?"

"Ruwan firiji yana kashe maƙogwaro, ya Beh. Mu don ado muka ajiye shi."

Ustaz Mamduh ya dubi wayar firijin tana lilo a bayansa, ya dubi bangon da ko ramin soket babu. Biron ya tsaya.

Ana haka sai ga sallamar Bakhit, mijin Abla Bahiga, yana neman abu biyu: matarsa, da ba ta dawo ta ba shi abinci ba, da jallabiyarsa, da zai sa zuwa ta'aziyya. Ya shigo ya tarar da su duka biyun a ɗaki ɗaya. Ya buɗe baki. Matarsa ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ya shekara talatin yana karantawa. Ya rufe bakin, ya sake buɗewa.

"Masha Allah, Usta. Jallabiyar nan... tana kama da wata da na sani."

"Telanmu ɗaya ne, ya Hajj."

"Haka ne. Har maɓallin." Bakhit ya zauna a tabarma, ya jawo ragowar tantabara, ya ce tunda ba za shi ta'aziyya ba bari ya yi wa kansa.

Wadda ta zo ƙarshe ba ta iya karanta kallo ba. Matar mai kantin magani ce, ta shigo da sauri ba ko sallama.

"Usta Zaglul, wai ina rigar 'yata Dina? Tun safe nake aike, bikin ƙawarta ake yi, tana can tana..." Sai idonta ya sauka a kan Shahad, wadda ta jingina da bango tun ɗazu don tsayuwa ta gagare ta.

Zaglul ya buɗe baki zai ce telansu ɗaya, yarinyar ta riga shi.

"Ban ɓata ta ba, Anti. Ko tantabara ban ci ba, don kada mai ya ɗiga."

Ni'imat ta ja ta bayan labule. Da suka fito, yarinyar tana cikin tsohuwar rigarta mai gajeren hannu. Duk wanda ke ɗakin ya ga hannayen nan kamar sillen kara, da tabon allurai baƙi-baƙi, da cikin da ya kumbura. Gumi ya wanke jan-bakin. Ta miƙa rigar da hannu biyu, a ninke, yadda ta ga ubanta yana miƙa wa masu kaya. Ta juya za ta koma, ƙafafunta suka ƙi. Zaglul ya tare ta kafin ta kai ƙasa.

Ya daɗe a durƙushe yana riƙe da ita. Sannan ya miƙa ta ga uwarta, ya tashi, ya cire jallabiyar ta ka, ya ninke ta ninkin gwani, ya ajiye a cinyar Bakhit. Ya tsaya daga shi sai singileti mai huji da dogon wando.

"Ya Beh, yaga abin da ka rubuta. A ɗakin nan abin da yake nawa shi ne tabarma, da dutsen guga, da matar nan, da yarinyar nan. Maganinta ya ƙare tun watan jiya. Rubuta. Rubuta cewa Zaglul ɗan Hiridi ya zama maroƙi."

A nan ne Abla Bahiga ta ajiye kofi.

"Maroƙin me? Kai Usta, in mutum ya kawo maka riga, taka ce? Kana iya cewa ba ka so, a mayar? Katin nan ba sunanka ne a kai ba. Na Shahad ne. Hakkinta ne, kai riƙewa kawai za ka yi mata. Wa ya tambaye ka ko kana so?"

Zaglul ya goge fuska da gefen singileti. "To in dai riƙewa ce... na iya riƙon amana."

"Mun gani," in ji Bakhit, yana shinshina wuyan jallabiyarsa.

Ustaz Mamduh ya ja layi a kan shafin, ya buɗe sabo. Ya ce, "Tun a kan firiji na fara zargi, Usta. Amma ni ba a ba ni izinin rubuta zargi ba. Sai maigida ya faɗa da bakinsa." Ya rubuta tabarma, ya rubuta dutsen guga. Da ya gama ya nuna firijin da biro. "Wannan kuma na wane ne?"

Zaglul ya dubi rufin ɗaki, don mutum ba ya tona wanda ya ba shi aro. Abla Bahiga ta zura takalminta na roba ta ce, "Taso, ɗana. Gidan da za mu shiga yanzu akwai wuri mai tsabta a jikin bango, daidai faɗinsa." Hajj Dahshan mai hatsi, wanda ya nemi kati da sunan jikansa alhali yana da hali, ya tarbe su a kan tabarma cikin yagaggiyar riga. Bai samu ba. Jirgin yamma kuma ya tafi ya bar sufeto, ya kwana a gidan Bakhit.

Katin Shahad ya fito kafin watan ya mutu.

Abla Bahiga, ke ce wadda ta gane cewa talaka yana da abu ɗaya da bai sayar ba, mutuncinsa, kika ƙi karɓe shi a bakin ƙofa a matsayin kuɗin shiga. Da kin so, da kin tona mutum cikin numfashi ɗaya, a ce kin iya aiki. Kika zaɓi ki wuni a tabarma kina shan shayin da likita ya hana ki, har gaskiya ta fito da ƙafarta. Ke ce ba ki taɓa rubuta ƙarya don tausayi ba, ba ki kuma taɓa fakewa da doka don ki huta ba, alhali yawancinmu ɗaya daga cikin biyun nan muke yi, mu kira shi addini ko mu kira shi aiki. Uwar masu kati, mai dogon zama. Yaran da kika shiga gidajensu wasu sun rasu, kin je kin zauna da iyayensu. Wasu suna makaranta. Shahad tana aji biyu a sakandare, tana kuma da bakin da ya fi na ubanta.

Da abokan aikinta suka tambaye ta abin da take so a yi mata na ban-kwana, ta ce ba ta son agogo, ta san lokaci. Ta ce kati yana biyan gado, yana biyan magani, amma har yau ba a buga katin da ke yin jini ba. Yara suna zuwa Asyuɗ su wuni a benci a ce musu babu irin nasu. Ta ce a kawo motar karɓar jini ƙofar ofis, duk mai cewa yana ƙaunarta ya zo ya nannaɗe hannun riga.

Motar ta zo ranar Alhamis da ta wuce. Na farko a layi Usta Zaglul ne, yana yi wa na bayansa tsawa. "Ku matso, matsorata! Kuna da gashin baki kuna tsoron allura? Ku dube ni!" An gaya masa jininsa ba 'yarsa za a sa wa ba, ɗan wani ne, ya ce ai duk yara ɗaya ne. Ya hau gado, ya miƙa hannu kamar reshen itace. Ma'aikaciyar jinya ta fito da allura. Ya dube ta, ya yi fari fat, ya ce, "Duk wannan?" Idanunsa suka juye.

Da ya farfaɗo, Shahad ce a kansa tana yi masa fifita da kwali. Ta kama haɓarsa ta juyo da fuskarsa wajenta.

"Baba, ba a kallon allurar. Ni za ka kalla. Ka ja numfashi, ka ƙirga tagogin can. Na farkon ne kawai mai zafi."

Ya kalle ta, ƙaton nan, hawaye yana shiga gashin bakinsa, har leda ta cika.

Mun gode, Abla Bahiga. Allah ya huta da gwiwoyinki, ya saka miki da abin da ba mu iya biya. Ku kuma ma'aikatan da za ku gaji teburinta, kada ku saba da shi, aikin yana cikin lungu. Sauran mu, motar za ta dawo farkon wata, a wuri ɗaya. Kada wanda ya zo mini shago da labarin yana da jiri ko yana da uzuri. Yarinyar da ake soka wa allura tun tana goyo za ta kasance a wurin da kwalinta, in ka suma za ta yi maka fifita.